Wa Zai Kwana da Yaranmu a Sansanin Hutu?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Makarantu sun rufe, zafin Makka da Jidda ya kai inda yaro ba ya iya leƙa waje sai bayan la'asar, sanarwar sansanin hutu kuma sai yawo take a WhatsApp. Wannan halaƙar hadda (ajin haddar Alƙur'ani) za ta kai ɗalibanta Ɗa'ifa su sha iska, waccan ƙungiyar matasa ta kama istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya, mai wurin ninƙaya na kwana biyu. Abu ne mai kyau, ya fi yaro ya wuni rungume da waya.

Sai dai ku saurari tambayoyin da iyaye ke yi wajen rajista. Riyal nawa ne? Akwai abincin rana? Motar tana da sanyi? Da wuya ka ji uban da ya ce, "Malam, wane ne zai kwana a ɗaki ɗaya da su, kuma wa ya bincike shi?" In ma ya yi ƙarfin hali ya tambaya, amsar a shirye take: "Haba Alhaji, ai yaron unguwa ne, a sahun gaba yake salla." Daga nan kunya ta rufe bakin kowa. To, mugu ba shi da kama, kuma mai neman yara da ɓarna yakan fi kowa saurin kawo kansa aikin sa kai.

A nan Saudiyya hanyar bincike tana nan. Akwai takardar da Larabawa ke kira shahadat khuluwwis sawabiƙ, wadda ke nuna ko kotu ta taɓa hukunta mutum, ana kuma neman ta ta Absher, manhajar gwamnati ta intanet. Wanda bai daɗe da zuwa daga gida ba, 'yan sandan Najeriya na ba da takardar shaidar hali, a Nijar kuma kotu na ba da irinta. Kamfanoni da dama ba sa ɗaukar mutum aiki sai ya kawo ta. Ina dalilin da za a damƙa wa baligi yara talatin cikin dare ba a nemi ko da wannan ba? A nema daga kowa, ustazu da direba da mai dafa abinci da mai gadin istiraha. Idan shugaban sansanin ya fara ajiye tasa a kan tebur, babu wanda zai ce an ci masa fuska.

Amma kada takarda ta sa mu barci, domin wanda aka kama aka hukunta kaɗai take nunawa. A garin Soham na Ingila, a 2002, wani mai kula da ginin makaranta ya kashe 'yan mata biyu masu shekara 10. An bincike shi kafin a ba shi aikin, ya kuma wuce, alhali an sha kai ƙararsa wurin 'yan sanda a wani yanki kan 'yan mata ƙanana, sai dai ba a taɓa hukunta shi a kan haka ba. A Amurka, ƙungiyar sikawut ta Boy Scouts ta shiga kotun fatara a 2020, mutum fiye da 80,000 suka shigar da ƙorafin cewa an lalata su suna yara. Mu kuma muna da namu ciwon: laifin da aka sasanta a zauren dattawa don rufin asiri ba ya shiga kowace kwamfuta. Mai laifin sai ya sauya unguwa, ya sake buɗe aji.

Ga kuma 'yan uwanmu da iƙamarsu, wato takardar izinin zama a ƙasar, ta mutu ko ba su da ita, waɗanda ba su da hanyar samo takardar. Rashin iƙama ba shaidar mugun hali ba ce, cikinsu akwai malaman da suka yi wa al'umma hidima shekara da shekaru. Abin da zai kare yaro, ya kuma kare malamin kirki daga ƙazafi, shi ne tsarin sansanin kansa. Kada babba ɗaya ya keɓe da yaro ɗaya, ko a mota, ko a banɗaki, ko a ɗakin kwana. Manya biyu a kowane lokaci, ƙofa a buɗe. Kada malami ya riƙa aika wa yaro saƙo a waya ba da sanin iyaye ba. Sabon mai sa kai kuma a kira inda ya koyar a baya, a tambaye su kai tsaye: me ya raba ku?

Dokar ƙasar nan ba ta ɗauki lamarin da wasa ba. Dokar kare yara ta 2014 ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro, ta kuma wajabta wa wanda ya san ana cutar da yaro ya kai rahoto. Dokar hana cin zarafi ta 2018 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 da tarar da za ta iya kai riyal 300,000 idan yaro aka taɓa.

Uwa, idan ɗanki ya dawo ya ce ba zai koma ba, ya kuma ƙi faɗin dalili, kada ki tsawata masa. Zaunar da shi, ki saurare shi. Layin taimakon yara shi ne 116111, na kai rahoton cin zarafi kuma 1919. Ku rubuta su tun yanzu, kafin motar sansanin ta tashi.