Tazarar layi da tsayin itace: hira kan gonar tuffa daga Damagaram

Hadiza: Salamu alaikum masu saurare, barkanmu da warhaka daga Zinder. Yau ina tare da Baba Mamman, mai lambu a Mirriya, da Yaya Sani da ya karanci aikin gona. Yaya Sani, wani mai saurare ya ga hoton gonar tuffa, wadda muke ce wa pom, itatuwan jere kamar shinge. Ya ce yaya ake auna wannan?

Sani: Wannan dashen cunkoso ne. A da, sai a bar mita 10 tsakanin itace da itace, hekta guda ta ɗauki 100. Yanzu a Amurka da Turai mita 1 ake bari tsakanin itatuwa, mita 3 da rabi tsakanin layi da layi. In kika lissafa, hekta za ta ɗauki sama da 2,800.

Baba Mamman: Kai yaro, 2,800! Ba su kashe juna?

Sani: Ba su kashewa, Baba, don aure ake musu. Ana ɗora irin da ake so a kan gindin da ba ya barin itace ya yi girma. Wanda aka fi sani shi ne M9, daga tashar binciken Is Malin a Ingila. Saiwarsa ba ta da ƙarfi, dole a kafa turaku a ja waya a ɗaure itacen, in ba haka ba nauyin ƴaƴa ya kayar da shi.

Hadiza: To tsayin fa?

Sani: Nan ne maganar take. Tsayi da tazara abu guda ne, ba a yanke ɗaya a bar ɗaya. Masanan jami'ar Konel a jihar Niyok suna ba da shawarar kada tsayin itace ya wuce kashi 90 cikin 100 na tazarar da ke tsakanin layi da layi. Layi mita 3 da rabi, itace mita 3 da ɗan kai. In ya zarce, inuwarsa ta faɗa kan gindin layin da ke kusa, rassan ƙasa su daina fure, ƴaƴan su ƙi yin ja. Shi ya sa kuma ake miƙa layi daga kudu zuwa arewa, gefen gabas ya sha ranar safe, na yamma ya sha ta la'asar.

Baba Mamman: Wannan na gan shi da idona. Na matse mangwarona don kwaɗayin yawa, shekara bakwai suka haɗe kai. Ƴaƴa sai can ƙololuwa, ƙasa duhu kamar ɗaki. Da hannuna na sare rabinsu, kuma har yau abin yana min ciwo.

Sani: Allah ya mayar da alheri, Baba. Sai dai a lura, wannan lissafi na ƙasar da rana ke ratsowa a karkace ne. Mu nan tsakar ka take bi, inuwa gajera ce. Damuwarmu ƙunar rana a jikin ƴaƴa, don haka ba ma aske ganye ƙwal.

Hadiza: Ke nan tuffa za ta yi a Damagaram?

Sani: Ba zan ce wa kowa ya zuba kuɗinsa ba. Tuffa tana son barcin sanyi, awowi masu yawa ƙasa da digiri 7, hunturunmu kuwa ba ya ba da haka. Ko irin tuffar da ake kira Anna, ta Isra'ila, mai ƙaramar buƙata, tana neman awa 200 zuwa 300. A tudu irin na Jos ta fi samun yadda take so. Mai son gwaji ya dasa biyar ya gani.

Baba Mamman: Ni dai magaryar aure nake ba mutane shawara, pom ɗin Sahel da cibiyar binciken noma ta ICRISAT ta yaɗa daga Sadore, kusa da Yamai. Tana jure ƙishi, ana datse ta duk shekara ta sake tohowa.

Sani: Ita ma da igiyar awo za a fara. A auna faɗin amalanken da zai shiga kwasar kaya, a ƙara wurin rassa, sannan a san inda za a tsayar da kan itacen.

Hadiza: Baba, kai nawa ka bari a sabon layinka?

Baba Mamman: Taki shida, ƴata. Ki zo Mirriya ranar Lahadi ki taka da ƙafarki.