Farar riga: sharhi kan fim ɗin Die Welle

Masu sauraro, barkanmu da warhaka.

A watan Afrilun 1967, a makarantar sakandaren Cubberley da ke Palo Alto, jihar Kalifoniya ta Amurka, malamin tarihi Ron Jones ya rasa yadda zai fahimtar da ɗalibansa dalilin da ya sa Jamusawa suka bi Hitler ido rufe. Sai ya ce bari ya gwada musu a aikace. Ya fara da ƙananan abubuwa: zama a miƙe, tashi tsaye kafin magana, gaisuwa ta musamman da hannu, katin shaidar zama ɗan ƙungiya. Cikin kwana 5, ɗalibai kusan 30 suka zama wajen 200.

Wannan labari ne darakta Dennis Gansel ya mayar Jamus a fim ɗinsa na 2008, Die Welle, wato igiyar ruwa. Jürgen Vogel ne ya fito a matsayin malamin, Rainer Wenger, mutum mai sakin fuska da yara ke so. An ba shi mako guda ya koyar da darasi kan mulkin kama-karya. Yaran suka yi tsaki, suka ce sun gaji da jin labarin 'yan Nazi, ai irin wannan ba zai sake faruwa a Jamus ba. Malam ya ce to, mu gani.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda farkon lamarin yake da daɗi. Aji ya nutsu. Mai ƙoƙari ya zauna kusa da mai rauni yana taimaka masa. Kowa ya sa farar riga, aka daina gane ɗan mai kuɗi da ɗan talaka. Wane uba ne zai ga haka ya ƙi? Ga kuma Tim, yaron da ba shi da aboki, wanda 'yan iska ke cin zalinsa. Rana ɗaya ya wayi gari yana da masu tare masa faɗa. Har ƙona tufafinsa masu tsada ya yi, ya naɗa kansa dogarin malam ba tare da an sa shi ba.

Mukan ce tsintsiya maɗaurinki ɗaya, kuma gaskiya ne. Amma fim ɗin ya bi ta kan tsinken da ya ƙi shiga ɗauri. Wata yarinya mai suna Karo ta zo aji da jar riga. A ranar babu wanda ya dake ta. Ta ɗaga hannu malam ya kau da kai, ƙawaye suka ja baya, saurayinta ma ya fara ganin laifinta. Wenger bai taɓa ba da umarnin a ware ta ba. Yaran ne suka gane abin da taro ke so, suka aiwatar. Haka ya faru a ajin Jones na gaske: 'yan kaɗan ya ɗora wa kawo rahoton masu karya doka, sai ga wasu da dama suna kawo masa tsegumin abokansu bisa raɗin kansu.

Inda na saɓa da Gansel shi ne ƙarshen. Ya sa Tim ya zaro bindiga a ɗakin taro, ya harbi wani ɗalibi, ya kashe kansa, 'yan sanda suka tafi da malam. Jini kan sa mai kallo ya ce ai wannan mahaukaci ne, ni ba haka nake ba, ya tashi da ransa fes.

A Palo Alto ba a harbi kowa ba. Jones ya gaya wa yaran cewa ƙungiyarsu reshe ce ta wata babbar tafiya ta ƙasa baki ɗaya, kuma shugabanta zai yi jawabi ta talabijin ranar Juma'a. Suka cika ɗakin, suka yi gaisuwarsu, suka zuba wa akwatin ido suna jira. Babu wanda ya fito. Bayan shirun ya yi tsawo, sai malamin ya kunna majigi, ya haska musu hotunan Jamus ta zamanin Hitler.