Amsoshin Tambayoyinku: Hukuncin da aka yi da yardarka, ana ɗaukaka ƙara a kansa?

Masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙarmu ta farko a yau daga Kano take, daga wani mai gidan ruwan leda. Ya ce maƙwabcinsa ya kai shi Babbar Kotun Jiha kan ƙarar janaretansa da ke hana mutanen gidan barci. Lauyoyi suka sasanta su, ya sa hannu cewa zai riƙa kashe injin da ƙarfe goma na dare, alƙali kuma ya mayar da takardar sulhun ta zama hukunci. To yanzu wuta ta yi ƙaranci, ciniki ya ja baya. Yana tambaya, zai iya ɗaukaka ƙara?

Malam, ƙofar tana nan, amma ƙunci gare ta. Sashe na 241 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce hukuncin da Babbar Kotu ta yanke da amincewar ɓangarorin biyu ba a ɗaukaka ƙara a kansa sai an nemi izini, ko daga kotun da ta yanke shi, ko daga Kotun Ɗaukaka Ƙara. Lokaci ma a ƙayyade yake: wata uku ne idan hukuncin ƙarshe ne, kwana 14 idan na wucin gadi ne.

Dalili kuwa, alƙalin bai saurari shaidu ya auna hujja ba, balle a ce ya yi kuskure. Ku kuka kawo masa takarda ya sa mata hatimi. To wa za ka ce ya zalunce ka? Shi ya sa lauyoyi suka fi bin wata hanyar, wato shigar da sabuwar ƙara a nemi soke hukuncin. Amma nan ma sai da dalilin da zai iya rusa yarjejeniya: an yaudare ka, ko an tilasta maka, ko an yi kuskure kan ainihin abin da aka amince a kai, ko lauyanka ya sa hannu ba da izininka ba. Wannan na ƙarshe shi Kotun Ƙoli ta duba a shari'ar kamfanin Vulcan Gases a 2001. Ƙarancin wuta da tsadar man dizal ba sa cikin jerin, duk da mun san suna ƙuna.

Kuma don Allah kada ka ce bari ka tada injin da tsakar dare kafin a gama. Hukuncin yana aiki har sai an soke shi. Maƙwabcinka na iya sa a kawo maka takardar gargaɗi ta Fom 48, idan ka ƙi ji Fom 49, wato takardar kiranka ka zo ka kare kanka, ta biyo baya, kuma ƙarshenta gidan yari ne saboda raina kotu. Ga kuma dokokin 2009 kan hayaniya na NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta ƙasa, waɗanda suke kanka ko da babu wannan shari'ar.

Da ni ne, wajen maƙwabcin zan koma da dattijon unguwa. A gina wa injin ɗaki, a gyara salansa, a matsar da shi daga jikin katangarsa, sannan a nemi ƙarin awa ɗaya ko biyu. Idan ya yarda, lauyoyinku su rubuta sabon sulhu su kai gaban kotu, kada a bar shi a fatar baki.

Sai wasiƙa ta gaba.