Ɗan kifin da fatarsa ke gargaɗin 'yan uwansa

Assalamu alaikum. Malamaina, ɗalibai, da sauran jama'a, sannunku da hallara.

Kifin da zan yi magana a kansa yau ba giwan ruwa ba ne, ba kuma ragon ruwa ba. Ɗan mitsitsi ne, tsawonsa bai cika wuce santimita 10 ba, kuma ba a ruwanmu yake ba. A ƙoramun Turai yake zaune, masana suna kiransa Phoxinus phoxinus, kuma tun 1758 Carl Linnaeus ya sa shi a jerin halittun da ya rubuta. Yana son ruwa mai sanyi, garau, mai gudu a kan tsakuwa. Abincinsa tsutsotsin ƙwari ne da gansakuka da 'yan ƙananan halittun ruwa. Daga watan Afrilu, in lokacin zuba ƙwai ya kama, cikin namijin sai ya yi ja, wasu fararen ƙuraje su fito masa a ka, a taru a kan tsakuwa a wuri marar zurfi.

To, shi wannan bawan Allah kowa cinsa yake yi. Manyan kifaye na cinsa, tsuntsayen bakin ruwa na cinsa. Ba ƙaya, ba dafi, ba ƙarfi. Shi ya sa ba ya yawo shi kaɗai, kullum cikin garke yake. Amma garke kawai bai isa ba, kuma nan ne labarin ya yi daɗi.

Akwai wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Karl von Frisch. Wasunku sun san shi ta kan rawar ƙudan zuma, shi ne ya sami kyautar Nobel a 1973 tare da Konrad Lorenz da Niko Tinbergen. Ya daɗe yana binciken ko kifi na jin sauti, a lokacin da masana da yawa ke ganin kurma ne. Wata rana ya ɗan yanki ɗaya daga cikin kifayen nan kusa da wutsiya don ya yi masa alama, ya mayar da shi cikin garken. Nan take sauran suka watse. Kifayen da ya saba ciyarwa, waɗanda ke zuwa har kusa da shi, suka ƙi dawowa na tsawon lokaci.

Wani da sai ya ce tsautsayi ne ya wuce. Shi kuwa bai bari ba. Ya niƙa fatar kifin, ya tace, ya zuba ruwan a wurin da suke cin abinci. Ba gawa, ba motsi, ba abin da ido zai gani, amma suka tsere. Da ya gwada da waɗanda aka kashe musu jin wari, ko gezau. Ke nan ta hanci saƙon ke shiga. A 1938 ya fara buga wannan sakamako. Daga baya aka gano cewa a cikin fatar akwai wasu ƙwayoyin halitta da ba su da ƙofa zuwa waje. Sai haƙori ya yaga fatar sannan abin da ke cikinsu ya zuba a ruwa.

Na ga wani ɗalibi can baya yana murmushi, wataƙila yana cewa ina ruwanmu da kifin Turawa. Tarwadarka ma babban danginsu ɗaya da wannan ɗan kifi. Duk suna da wasu 'yan ƙasusuwa da suka haɗa jakar iskar cikinsu da kunne, waɗanda Ernst Weber ya bayyana a 1820, shi ya sa jinsu ya fi na yawancin kifaye. Kuma irin waɗancan ƙwayoyin fata suna nan a yawancin dangin.

Abin da har yanzu ake gardama a kai shi ne, me wanda aka riga aka kama ya ƙaru da shi? Wasu suka ce 'yan uwansa na jini yake ceta. Wasu suka ce warin na jawo wani maharbin, a yi ta kokawa, shi kuma ya sulale. Wasu kuma suka ce asalin aikin ƙwayoyin kare fata ne daga cuta, sauran kifaye ne kawai suka koyi cewa wannan wari na nufin an yagi wani. Ni dai na fi karkata ga na ukun, domin bai buƙatar mu ɗora wa kifi niyyar sadaukarwa.