Tsoron jirgi, ga goyo a hannu

Hajiya Asabe: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka daga nan Agege, Legas. Ni ce da Bashir da Maman Ilham. Yau ba sai mun tsaya kewaye-kewaye ba, don tun da hutun ƙarshen shekara ya ƙarato zaurenmu na WhatsApp ba shi da wata hira sai ta jirgi. Kowa zai tafi gida biki, hanya kuma kun san yadda take, mata da yawa mazajensu sun ce jirgi za su bi, su kuma cikinsu ya ɗuri ruwa.

Maman Ilham: Har da ni a ciki, Hajiya. An riga an yankan mana tikitin Kano, ni da yara uku, Babansu sai daga baya zai biyo mu. Wallahi tun ranar da na ga tikitin nan barcina ya ragu.

Bashir: Ke da kika sha bin babbar mota daga Ijora, a kwana a hanya, a wuce Jebba da Mokwa cikin dare?

Maman Ilham: Mota ai ƙasa take bi, Yaya Bashir. In ta lalace a fito a tsaya a gefen titi.

Hajiya Asabe: A'a Bashir, kada ka fara da wannan. Duk mai tsoron jirgi an sha gaya mata cewa jirgi ya fi mota aminci, ta sani, kuma saninta bai hana tafin hannunta yin gumi ba. Mu da muke Agege ma ba wanda zai ce mana tsoron nan daga iska ya zo. Ranar Lahadi 3 ga Yunin 2012 jirgin Dana ya faɗo a Iju-Ishaga, nan bayanmu, mutum 153 da ke ciki babu wanda ya fita, ban da waɗanda ya tarar a gidajensu. Mutanen Kano suna da na Gwammaja a 2002. A 2006 muka rasa Sarkin Musulmi Maccido a wanda ya tashi daga Abuja. Mace ta girma da waɗannan labarai, sannan ka ce mata ta saki jiki kawai?

Bashir: Allah ya jiƙan su. Gaskiya ne. Abin da kawai zan ƙara, jirgi mai inji biyu an ƙera shi ne yadda zai iya ci gaba da tafiya har ya sauka da inji ɗaya. Na Dana duka biyun ne suka mutu, kuma binciken ya nuna ɗayan ya fara ba da matsala tun a hanya, ba a juya an sauka a filin da ya fi kusa ba. Irin wannan ne ake koyar da matuƙa a kai daga baya.

Hajiya Asabe: To. Ni abin da ya fi damuna a maganar nan shi ne yaran. Yaro ɗan shekara uku bai san me ake nufi da jirgi ya yi nisan ƙafa 35,000 a sama ba. Fuskar uwarsa yake kallo. In jirgi ya ɗan girgiza ya ɗago ya ga kin runtse ido kin damƙe hannun kujera kina salati da ƙarfi, shi ke nan, ya koya. Na ga yarinya a jirgin Abuja tana wasanta lafiya lau, uwar ta ƙwalla ƙara, daga nan har muka sauka Ikeja yarinyar ba ta yi shiru ba.

Maman Ilham: To Hajiya ya zan yi, in yi ta murmushin ƙarya? Ilham shekararta shida, tana gane ni tsaf.

Hajiya Asabe: Ba na son ƙarya ma. Gaya mata. Ki ce Mama tana ɗan jin tsoro lokacin tashi, ki riƙe min hannu mu karanta addu'a tare. Subhanallazi sakhkhara lana haza wa ma kunna lahu muƙrinin, tana cikin Suratuz Zukhruf, aya ta 13, kuma na tabbata an koya mata a Islamiyya. Amma babban abin da ya taimake ni, ki san ƙarar da za ta zo kafin ta zo, ki riga ta faɗa wa yaran. Rabin tsoron jirgi ƙara ce da ba ki san ta mece ce ba. Bashir, kai da ka yi aiki a filin jirgi, jero mata.

Bashir: Da farko in ya hau titinsa zai tsaya, injin ya yi ruri, ki ji an manna ki da kujera. Da ya ɗaga, ba jimawa za ki ji gum a ƙarƙashin ƙafarki…

Hajiya Asabe: Tayoyi ne suka shige aka rufe musu ƙofa. Nan ne mata ke cewa wani abu ya ɓalle. Sannan wanda ya fi kowanne tayar da hankali, bayan kamar minti ɗaya ko biyu sai ki ji injin ya rage ƙara, jikinki ya ba ki kamar kuna komawa ƙasa. Ba mutuwa ya yi ba. Wutar da ake ba shi don ya bar ƙasa ta fi wadda yake buƙata don ya ci gaba da hawa, sai matuƙi ya rage. Kuna hawa ne har lokacin. Sai ƙugin fiffike, ana janye waɗannan faifan da aka zaro don tashi. To ki mayar da shi wasa. Ki ce wa ɗanki Hanif, yanzu za mu ji gum, wa zai riga ji? In ya zo sai ya yi ihun murna. Ke kuma bakinki na aiki, hankalinki na kan lissafin abin da zai biyo baya, babu sararin zama ki ƙirƙiro bala'i a ranki.

Bashir: Hajiya kin ce in jero, kin kuma karɓe.

Hajiya Asabe: Kana jan magana ne. Ci gaba.

Bashir: Saura jijjiga. Iska ce ba ta kwanta ba, kamar yadda jirgin ruwan Ikorodu zuwa CMS ke tsalle in ya haɗu da igiya.

Maman Ilham: Shi ma wannan ban shiga.

Bashir: To, ki dai riƙe cewa fiffiken an yi shi ya lanƙwasa, in kin ga yana rawa ta taga aikinsa yake yi. Waɗanda ke jin ciwo a jijjiga yawanci waɗanda ba su ɗaura bel ba ne. Shi ya sa ko an kashe fitilar bel, ki bar naki da na yaran a ɗaure, ko da sako-sako ne. Kuma in za ki zaɓi kujera, nemi saitin fiffike ko gaba kaɗan, baya ya fi girgiza. Layin ƙofar gaggawa ba za a ba ki ba da yara, kada ma ki roƙa.

Maman Ilham: Ita jaririyar fa? Watanta takwas.

Hajiya Asabe: A cinyarki za ta zauna, duk wanda bai kai shekara 2 ba haka ne. Hanif da ya wuce biyu dole kujerarsa daban. Ki tambayi ma'aikatan ƙaramin bel na jarirai da ake sarƙafawa a jikin naki. Kuma ki shirya hannunki, don kayan hannu da goyo da yara biyu, ga ledar tsaraba…

Bashir: Burodi.

Hajiya Asabe: Kai dai bari! Ni ban san me mutanen Kano suka gani a burodin Agege ba. Ka yi musu waya ka ce ga ni nan zuwa, ba a tambayi lafiyarka ba sai a ce kar ki manta burodi.

Maman Ilham: Surukata guda shida ta ce.

Bashir: Shida! A jirgi? Ai sai an yankar masa tikitinsa.

Hajiya Asabe: Kuma ba a sa shi a akwati, ya isa a lotse kamar an zauna a kai. Dole a hannu. Sai ka ga mace a MMA2, tashar jiragen cikin gida ta Ikeja, da goyo a baya, leda a dama, leda a hagu, ƙamshi ya cika layi.

Bashir: Amma fa na can ba ya kai shi, a faɗi gaskiya. Wannan danƙon, in ka ja shi yana miƙewa, ka samu shayi mai kauri ko wake…

Maman Ilham: Da ewa agoyin dai.

Bashir: Yauwa! To Kano ina za su samu ewa agoyin?

Hajiya Asabe: Su ma ai suna rama mana. In za ka dawo a cika ka da kilishi da dambun nama da kuka da daddawa, a zo sikeli a ce kayanka sun yi nauyi, ka tsaya kana ciro daddawa a gaban jama'a.

Bashir: Daddawa a jirgi zalunci ne, Hajiya.

Hajiya Asabe: In an ƙulle ta da kyau a roba babu mai ji. Leda uku ake yi mata. Ina muka tsaya ma?

Maman Ilham: Jaririya. Kunne nake son ki yi magana a kai, shi mata suka fi tambaya a zaure.

Hajiya Asabe: Yauwa, kunne. Wannan kukan da jarirai ke yi ba rigima ba ce, ciwo suke ji. Akwai 'yar siririyar hanya daga cikin kunne zuwa bayan maƙogwaro, ita ke daidaita iskar ciki da ta waje, ta yara kuma ƙarama ce, saurin toshewa gare ta. Haɗiya ke buɗe ta. Saboda haka ki ba ta nono ko fida lokacin tashi, amma an fi jin jiki wajen sauka. Legas zuwa Kano wajen awa ɗaya da rabi ne, kuma tun saura kamar minti 25 ko 30 jirgi yake fara gangarowa, tun kafin ki ga gari. Kada ki shayar da ita ta ƙoshi a tsakiyar tafiya, ki ɗan ja lokacin zuwa sannan. In tana barci ki tashe ta a hankali, don mai barci ba ya yawan haɗiya. Manyan ki ba su ruwa su riƙa kurɓa, Ilham za ta iya cingam, a sa su hamma. Hanif kada ki ba shi alawa mai tauri, jirgi ya girgiza ta shaƙe shi. In kuma ɗayansu na fama da mura mai ƙarfi ko ciwon kunne, ki kai shi likita ya duba kafin ranar.

Maman Ilham: Wata ta rubuto a zaure cewa ita maganin mura take ɗura musu su yi barci har a sauka.

Hajiya Asabe: Na gani, kuma raina ya ɓaci. Don Allah mata ku daina. Ba a ba yaro maganin da ba ciwonsa ba don a huta da shi. Wasu yaran ma maimakon barci birkicewa suke yi, ki samu kanki a sama da yaron da ba ya jin rarrashi. Wasu magungunan an hana ba wa 'yan ƙasa da shekara 2 gaba ɗaya saboda suna danne numfashi. Mun manta abin da ya sa gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018? Ke uwar ma, kada ki haɗiyi ƙwayar barci ki hau jirgi ke kaɗai da yara uku. In tsoron ya kai kina jin numfashinki na sarƙewa, ki je ki ga likita tun yanzu, akwai taimakon da ake yi. A cikin jirgi kuma ki ja numfashi ta hanci, ki fitar a hankali ya fi shigarsa tsawo, yana rage bugun zuciya. Kuma ki gaya wa ma'aikaciyar jirgi tun a ƙofa cewa kina tsoro, ba kunya ba ce, za ta riƙa leƙo ki.

Bashir: Akwai wanda iyaye mata ba sa son ji. In abin shaƙar iska ya sauko daga sama, ke za ki fara sa naki.

Maman Ilham: Wannan kam zuciyata ba ta karɓe shi ba. In bar jaririya in fara da kaina?

Bashir: A can sama in iskar ciki ta zube, abin da ke gare ki kafin hankalinki ya gushe bai fi minti ɗaya ba. In kin suma wa zai sa wa su ukun? Naki daƙiƙa kaɗan ne, sai ki juya kansu.

Hajiya Asabe: Ki yi ta maimaita shi a ranki tun daga gida har ya zauna. Sannan hazo. Disamba da Janairu in hazo ya rufe Kano ana iya ajiye ku a Ikeja awanni, matuƙi ba zai tashi ba in ba zai ga titin sauka ba, kuma ni in an ce an ɗaga saboda yanayi hamdala nake yi. Amma zaman jiran nan shi ke cinye haƙurin uwa, ta shiga jirgi a gajiye, tsoro ya samu wurin zama. Ki ninka famfas, ki ninka abinci, kayan canji har da naki, caja, da wani abin wasa sabo da ba su taɓa gani ba. Ki kuma fita da wuri, kada gosulon Ikeja Along ya sa ki isa a guje.

Bashir: Hajiya lokaci fa. Mun ce za mu karanta saƙon baiwar Allahn nan ta Mile 12 da za ta Umara da tagwaye, kuma ba mu taɓo saukar da ake fasawa a sake hawa ba.

Hajiya Asabe: Kash, wannan a taƙaice: in har kun kusa taɓa ƙasa sai kika ji ya yi ruri ya koma sama, matuƙi ne bai gamsu da saukar ba, zai zagayo ya sake, an horar da su a kan haka. Na tagwaye sai mako mai zuwa, don doguwar tafiya zancenta daban ne, kuma babba ɗaya ba a barin shi ya riƙe jarirai biyu a cinya, ta fara neman wanda zai raka ta. Maman Ilham, yaushe ne tafiyar?

Maman Ilham: Asabar ta sama, in sha Allahu.

Hajiya Asabe: Allah ya kai ku lafiya. Ki turo mana murya in kun sauka mu sa wa jama'a. An kira la'asar, Bashir kashe abin nan.