Amsoshin Tambayoyinku: Me ya kai coci bakin fadama a Ayalan?

Jama'a barkanmu da warhaka. Lokaci ba ya jira, mu buɗe wasiƙu.

Wani ɗan'uwa daga Funtuwa yana tambaya ko Ayalan a cikin Ingila take. Haba malam, ai mun sha faɗa! Tsibiri ne daban, yamma da Birtaniya, kuma Dablin ce babban birnin Jamhuriyar Ayalan.

Sai tambayar da ta fi yawa, daga Jos da Kaduna da Kafanchan, galibi dattawan da limaman Katolika 'yan Ayalan suka koyar a makarantun mishan. Wata baba ta rubuto cewa malaminsu ya cika ambaton Clonmacnoise, sai ta ga hoton wurin: kangaye ne a karkara. Me ya sa aka kafa coci a can?

To baba, amsar ita ce hanya. Clonmacnoise na gundumar Offaly, a gaɓar kogin Shannon, kudu da garin Athlone. Kewayenta fadama ce da taɓo mai nutsar da ƙafa, in hunturu ya zo kogin ya malale filayen. Amma akwai wani dogon tudun tsakuwa wanda ƙanƙara ta bari tun zamanin da, Esker Riada, wanda ya ratsa tsibirin daga gabas zuwa yamma. A kansa matafiya ke bi. Kogin kuma na ɗaukar kwalekwale daga arewa zuwa kudu. Ku riƙe wannan: tudu gabas da yamma, ruwa arewa da kudu. Mararraba ke nan.

A nan wani matashi, Ciarán, ɗan kafinta, ya kafa zangon 'yan zuhudu wajen shekarar 544. Bai daɗe ba annoba ta ɗauke shi yana da shekara talatin da 'yan kai. Ni wannan na taɓa min zuciya, domin bai ga bunƙasar wurin ba. Ɗalibai suka yi ta zuwa, aka binne sarakuna a can, aka gina babbar majami'ar dutse a 909, aka kammala doguwar hasumiya a 1124. A 1552 sojojin Ingila daga Athlone suka wawushe wurin. Paparoma John Paul na Biyu ya ziyarce shi a 1979.

Mai tambaya daga Zonkwa, a'a, ba Waliyyi Patrick, wanda ya yaɗa Kiristanci a Ayalan, ne ya kafa zangon ba, shi a ƙarni na biyar ya rayu. Ragowar wasiƙun sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.