Amsoshin Tambayoyinku: Babbar Butar Shayi

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun da muka ware yau duk a kan abu ɗaya suke, wato babbar butar ƙarfe ta dafa ruwan shayi a kan murhu, irin wadda ke cin lita huɗu, biyar, har zuwa goma. To, bismillah.

Ta farko daga wata baiwar Allah take. Ta ce: "Mu goma sha biyu ne a gida, butarmu kuwa ƙarama ce, sai na ɗora ruwa sau uku kafin kowa ya samu. Ina so in sayi babba. Mai lita nawa ta dace da mu?"

To Hajiya, lissafin ba shi da wuya. Lita ɗaya tana cika kofi huɗu masu cin mililita 250, ke nan mutum 12 lita 3 ce. Ki ƙara lita ɗaya saboda masu neman ƙari da baƙon da ya faɗo, ya zama 4. Sai dai adadin da ake rubutawa a jikin kwali galibi na cikar buta ne har wuya, ita kuwa buta ba a cika ta haka. Ki buɗe murfi ki leƙa ciki, za ki ga ramin da hancin butar ya haɗe da cikinta. Ruwa ya tsaya ƙasa da wannan ramin, in ba haka ba da ya tafasa zai riƙa tsartuwa ta hanci yana zuba a kan wuta. Saboda haka mai neman lita 4 na tafasasshen ruwa, buta mai lita 5 zai nema. Idan kin ga an rubuta ma'aunin da kwat irin na Amurka, kwat ɗaya bai kai lita ba, wajen mililita 950 ne.

Amma akwai abin da ya fi wannan lissafin muhimmanci, kuma shi nake roƙon ki riƙe. Kowace lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Lita 4 kilo 4 ke nan, ga nauyin butar kanta. Wannan nauyin ba ɗauka kawai za ki yi ba, karkata shi za ki yi da wuyan hannu, kina saita bakin kofi, ruwan kuma yana tafarfasa. Kafin ki fitar da kuɗinki, ki zuba lita huɗu ko biyar na ruwan sanyi a wani abu mai mariƙi, ki ɗaga da hannu ɗaya, ki gwada tsiyayewa a hankali. Idan hannunki ya soma rawa, wannan girman ya fi ƙarfinki, ko da kuwa gidan na bukatarsa. A ganina, duk butar da ta haura lita shida bai kamata a riƙa karkata ta da hannu ɗaya ba. Ko dai a nemi mai ƙaramin mariƙi na biyu, ko mai famfo a ƙasa wadda ake tsiyaya tana zaune, ko kuma a sayi matsakaita guda biyu.

Sannan ki duba mariƙin da kyau. Wanda aka dasa da ƙusoshi suka ratsa jikin butar ya fi wanda aka ɗan ɗiga wa walda aminci. Ki sa hannunki ki riƙe, ki ga tazarar da ke tsakanin gaɓoɓin yatsunki da murfi. Idan suna kusan taɓa shi, tururin da ke fita ta gefen murfin a kan yatsun zai sauka duk lokacin da kika karkata. Murfin ma ya zama mai kamawa gam, wanda ba ya faɗowa in an kifa butar.

Wani bawan Allah kuma ya ce: "Na ga ta alminiyon, na ga ta ƙarfen da ba ya tsatsa, na ga mai fenti mai ƙyalli irin na langa. Wacce ta fi?"

Malam, in ni ne zan saya, ta ƙarfen da ba ya tsatsa zan ɗauka. Shi wannan ƙarfe, wanda ake danganta gano shi ga Harry Brearley a birnin Sheffield na Ingila a shekarar 1913, sirrinsa sinadarin kuromiyom ne da ake gauraya shi da shi. Kuromiyom ɗin ne ke haɗuwa da iska ya yi wata siririyar fata a saman ƙarfen wadda ido ba ya gani, ita ke hana tsatsa. Ka juya gindin butar. Idan ka ga 18/8 ko 18/10, ma'anarsa kashi 18 cikin ɗari kuromiyom ne, kashi 8 ko 10 kuma nikel, wannan shi ne mai kyau. Wanda aka rubuta wa 18/0 babu nikel a cikinsa, kuma bai kai wancan jure wa tsatsa ba.

Aibin wannan ƙarfe ɗaya ne, ba ya watsa zafi da sauri. Alminiyon ya ninka shi fiye da sau goma wajen ɗaukar zafi. Shi ya sa butoci masu inganci ake yi musu gindi mai kauri, a cusa faifan alminiyon ko na jan ƙarfe a tsakiya. Ka ƙwanƙwasa gindin da yatsa. Mai kauri sautinsa a dakushe yake, siriri kuwa amo yake yi, ka danna da babban yatsa ma wani lokaci ya lotsa.

Ta alminiyon ba ta da nauyi, wanda a babbar buta ba ƙaramin alheri ba ne, kuma tana saurin zafi. Sai dai tana lotsewa, kuma ba ta shiri da abu mai tsami. Ka guji wadda aka narka daga tarkacen ƙarafa da ba a san asalinsu ba, domin irin wannan zubin kan zo da dalma a ciki. Mai fentin langa kuwa, fentin nan gilashi ne aka narka a kan ƙarfe. Tana da kyan gani, amma da ta bugu ta ɓantare, daga nan tsatsa ke kamawa. Buta babba kuwa ita ta fi yawan buguwa da bakin famfo da gefen murhu.

In murhunka irin na lantarkin nan ne mai aiki da maganaɗisu, wanda ake kira indakshan, ka tafi da mayen ƙarfe a aljihu. Ka manna shi a gindin butar. Ya kama, za ta yi aiki. Bai kama ba, ka ajiye musu abarsu.

Ga wani ƙorafi daga wata 'yar'uwa: "Tun da na sayi babbar buta gas ɗina ke saurin ƙarewa, ruwan kuma sai ya yi rabin awa bai tafasa ba. Butar ce ba ta da kyau?"

Da wuya laifin butar ne. Ruwa yana cikin abubuwan da suka fi cin zafi kafin su ɗumama. Idan aka ɗauki lita 5 daga digiri 25 za a kai ta digiri 100 a ma'aunin Salshiyos, kuma a ce ƙarfin kilowat ɗaya cif yana shiga ruwan, sai an yi wajen minti 26. A murhun gas kuwa, abin da ke shiga ruwa yawanci bai kai rabin zafin da wutar ke fitarwa ba, sauran iska ke kwashewa. To kin ga rabin awa ba abin mamaki ba ne.

Abin da ke cinye gas ɗin shi ne cika buta don kawai tana da girma. Mutum uku za su sha, an tafasa na mutum ashirin, sauran ya huce, an jima a sake ɗorawa. Ki zuba daidai bukata, muddin ruwan ya rufe gindin sosai. Idan ana neman ruwan zafi jefi-jefi cikin yini, a tafasa sau ɗaya a juye a fulas. Ki rufe murfi ruf. Ki ɗora ta a kan babban kan murhun, ki daidaita wutar ta tsaya a ƙarƙashin gindi. Harshen wutar da ya hauro gefe ba ruwa yake dafawa ba, mariƙi yake ƙonawa. Buta mai faɗin gindi ta fi doguwa siririya kama zafi, ta kuma fi zama daram.

Gargaɗi biyu a nan, kuma ba na wasa ba ne. Ƙaramin murhun nan na tafi-da-gidanka da ake sa wa gwangwanin gas a gefe, kada a ɗora masa butar da faɗinta ya rufe wurin gwangwanin, domin zafin yana komawa kansa, yana iya fashewa. Wanda kuma ke dafawa da gawayi, kada ya shigar da murhun ɗaki ya rufe ƙofa yana jiran ruwa ya tafasa. Gawayi yana fitar da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa.

Wani dattijo ya rubuto cewa wani farin abu mai kama da alli ya lulluɓe cikin butarsa, har yana ganin ɓurɓushinsa a kofi, yana tambaya ko guba ce.

Baba, ba guba ba ce. Sinadaran kalsiyam da magniziyam ne da ke cikin ruwanku, zafi ya sa suka daskare a jikin ƙarfe. Illarsu ita ce suna shiga tsakanin wuta da ruwa, sai tafasa ta ƙara jinkiri. Ku haɗa farin binega da ruwa rabi da rabi, daidai yadda zai rufe wurin, ku tafasa, ku bar shi ya yi kamar awa ɗaya, ku zubar. Za ku ga ɓawon yana saki da kansa. Ruwan lemon tsami ma yana yi. Daga nan ku ɗauraye, ku tafasa ruwa zalla ku zubar kafin ku koma amfani da ita. In ta alminiyon ce, kada a bar tsamin ya daɗe a ciki. Kada ku kankare da wuƙa ko soson ƙarfe. Bilic kuwa, wato ruwan nan na faranta tufafi, kada ya kusanci butar, yana cin ƙarfen ya bar masa ƙananan ramuka, kuma in ya haɗu da binega yana tayar da iska mai guba. Ku riƙa juye ragowar ruwa da dare kuna barin murfin a buɗe ta sha iska. Shi ya sa ma wajen saye nake cewa a zaɓi mai faɗin baki, wadda hannu zai shiga ya kai ko'ina.

Wata ɗaliba ta tambaya me ke sa buta fito. Usur ɗin da ke hancinta faifai biyu ne masu huda a tsakiya, da 'yar tazara tsakaninsu. Tururi ya matsu ta hudar farko ya fito da ƙarfi, kafin ya ratsa ta biyu ya soma kaɗawa, yana fita yana yin ƙananan guguwa, su ne ke ba da sautin. Masana biyu a Jami'ar Cambridge, Ross Henrywood da Anurag Agarwal, su suka yi bayanin wannan dalla-dalla a 2013. Ga babbar buta, ina ganin usur ya zama dole, saboda tsawon jiran ne ke sa mutum ya tafi wani aikin ya manta.

In kuwa an manta har ta ƙone ƙurmus, a kashe wuta a ƙyale ta ta huce da kanta. Zuba mata ruwan sanyi a lokacin yana lanƙwasa gindin, yana fasa fenti, tururin kuma ya bugi fuska. Launin shuɗi-shuɗi da kan fito a jikin ƙarfen bayan haka ba ya cutarwa, amma idan gindin ya rabu ko tana yoyo, ta gama aiki.

"Shin gaskiya ne ruwan da aka tafasa sau biyu yana cutarwa?" in ji wani matashi. A'a. Ruwan da yake mai kyau tun farko, sake tafasa shi ba ya mayar da shi guba. In don kashe ƙwayoyin cuta ake dafawa, a bari ya yi tafasa mai tumbatsa na minti ɗaya, a wuraren da tudunsu ya haura mita 2,000 kuma minti uku, domin can ruwa yana tafasa tun bai kai digiri 100 ba. Amma tafasa ba ta fitar da dalma ko sauran sinadarai masu guba daga ruwa.

Wasiƙar ƙarshe ita ta fi taɓa ni. Wata uwa ce ta ce ɗanta mai rarrafe ya kusa janyo butar, tun ranar hankalinta bai kwanta ba. Allah ya ƙara tsarewa, 'yar'uwa. Fatar yaro ta fi ta babba laushi nesa ba kusa ba, ruwan da ya kai digiri 60 kacal yana iya yi masa mummunar ƙuna cikin 'yan daƙiƙoƙi. Ki riƙa ɗora butar a kan murhun baya, hancinta na kallon bango. Kada ki ratsa ɗaki da ita a cike, ki kawo kofuna ko fulas wurinta, ki tsiyaya a nan. Kada a ajiye ta a ƙasa ko a bakin tebur, kada kuma a riƙe yaro da hannu ɗaya ana zuba ruwan zafi da ɗayan. Idan tsautsayi ya auku, a sa wurin a ƙarƙashin ruwan sanyi mai gudana na minti 20, a cire tufa da zobe in ba su manne da fata ba. Ban da ƙanƙara, ban da man goge baki ko wani mai, kada kuma a fasa bororon. A rufe da kyalle mai tsabta, in yaro ne ko ƙunar tana da faɗi ko ta shafi fuska da hannu, a wuce asibiti ba tare da jinkiri ba.

Lokaci ya ƙure mana, sauran wasiƙun sai a shiri na gaba in Allah ya kai mu. A huta lafiya.